Gwiwar Ɗan Wasan Koci Maddox

A ɗakin jira na asibiti, Loretta sai jujjuya takardar shigar da ɗanta ƙungiyar ƙwallon yara take yi, tsoron kada a ji masa rauni ya hana ta sa hannu, ga shi yau ake rufe rajistar. Kusa da ita dattawa biyu suka gane juna ta huluna: ja ta Kwalejin Calloway, koriya ta Kwalejin Pinecrest.

"Har yanzu kuna fita da hular nan?" in ji mai ja. "Wasa goma, ba ku ci ko ɗaya ba."

"Dattijo, bar mu da ciwonmu. Ku ma tun da kuka binne Koci Maddox, wa ke tsoronku?"

"Namiji ke nan. A hannunsa na buga. Ranar karawarmu da ku gwiwata ta goce, ya ɗaure ta da kansa, ya ce ba a fitar da ɗan Calloway ranga-ranga a gaban Pinecrest. Na koma fili, muka ci."

"Mu kuwa sabon kocinmu, da yaro ya bugu sai ya zaunar da shi. Abin da ya kashe mu ke nan."

"Lalacewa."

Aka kira mai ja. Ya yunƙura sau biyu, ƙafar ta ƙi. Mai koriya ya tallafe shi.

"Tiyata ta nawa ke nan a gwiwar?"

"Ta huɗu. Ko jikata ba na iya ɗauka."

Loretta ta matso kusa da mai koriya.

"Baba, kocin nan naku da ya kashe ku, yana koyar da ƙananan yara?"