Kwana Tara Ba Bayan Gida, Sai a Cikin Jirgi

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Ceto. Sunana Rifkatu, maigidana malamin gona ne a Gummi. Mai dariya ya yi abarsa, ni dai ranar kuka na yi.

'Yata Hannatu na da shekara biyu da rabi na sayo mata fo na roba a kantin Gusau. Na ce 'yar ma'aikaci ba za ta riƙa kashi bisa ƙafar uwa kamar 'ya'yan ƙauye ba. Girman kai ne kawai. In ta ɓata wando, duka. In ta ƙi zama kan fo, tsawa. Ni da ke jan waƙa a zumuntar mata!

Yarinya ta tsorata, ta riƙe kashi. Kwana tara! Ciki ya kumbura, ta bar cin abinci, ta fara amai. Likita a Sakkwato ya danna cikin, ya ce a kai ta Kaduna yau yau, wataƙila sai an yi mata aiki, kuma ba za ta jure mota ba. Haka na shiga jirgin sama karon farko, daga ni sai ita sai fo a kwando.

Muna tashi cikinta ya soma murɗawa. Na ruga da ita bayin jirgi, wani ɗan ƙuƙumin wuri mai ƙara, ta ƙanƙame wuyana tana ihu. Na dawo na fito da fo. Ma'aikaciyar jirgi ta yatsina fuska, wai, "Madam, nan ba kasuwa ba ce." Wani mai kwat a gabanmu ya toshe hanci tun ba a yi komai ba, ya ce ya kamata a daina sayar wa 'yan ƙauye tikiti.

Jama'a, ku ji mini! Yarinya na neman mutuwa a hannuna, shi hancinsa ya dame shi! Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi.

Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Yesu, ni na jawo wannan. Ka yafe mini, kada wuƙa ta taɓa 'yar nan."

Ina rufe baki wata tsohuwa ta taɓa kafaɗata. Bafulatana ce daga Bukkuyum, za ta wajen ɗanta soja. Ta ce, "Ɗiyata, mi kike jira? Zamna ƙasa, miƙe ƙafa, aza ta." Ta shimfiɗa tsohon zanenta a tsakiyar hanya, ta kare mu da mayafi.

Ma'aikaciyar ta ce an hana. Tsohuwa ta ce, "To, sauke mu nan."

Na zauna a ƙasa da leshina, na ɗora Hannatu bisa ƙafafuna tana fuskantata. Ta dube ni, ta ce, "Inna, ba za ki buge ni ba?"

Wayyo Allah! Wannan magana ta fi mari zafi. Na ce, "Ba zan ƙara ba, Hannatu. Yi abinki."

Ta yi. Halleluya, ta yi! Kashin kwana tara, gaba ɗaya. Mai kwat ya tashi ya koma can gaba yana ta masifa, ko kallo bai ishe ni ba. Tsohuwa ta naɗe zanen da hannunta, ta hana ni taɓawa.

A Kaduna likita ya danna cikin, ya ce babu zancen aiki, a ba ta ruwa da gwanda mu koma gida.

Na gode wa Ubangiji da ya ceci 'yata daga wuƙa, ya cece ta kuma daga hannuna. Iyaye mata, ku dogara gare shi, yana ji ko a ina kuka kira. Amma kafin ku ɗaga hannu kan yaro, ku dubi idonsa. Ni sai da 'yar cikina ta roƙe ni kada in doke ta na san tsorona take ji. Yabo ga Yesu. Amin.