Kujerar Maigidanta

A tasha na ji su ranar Asabar, cikin motar zuwa bakin tafki, ina riƙe da littafin da na kasa karantawa. Mota ta cika, saura kujera ɗaya da wata mata ta kama.

"Baiwar Allah, rana fa tana yi," in ji wani mai kyamara a wuya. "So nake in hau dutsen bakin tafkin nan kafin hadari ya rufe shi."

"Maigidana na hanya, shago yake rufewa."

"Tun ɗazu? Ƙofa nawa ne da shagon?"

"Ai ba zai ƙi zuwa ba. Can ya kai ni muna amarci. Daga saman dutsen, tafkin kamar an shimfiɗa madubi. Har kwalekwale ya shiga, yana ta salati don tsoro."

"To, kira shi mana. Jibi aiki."

"Na kira, bai ɗauka ba. Bara ma haka ya..."

Mutumin ya sassauta murya. "Yi haƙuri, Yaya. Mu ƙara jira."

Ta dubi ƙofar tasha, ta ɗora jakarta kan kujerar.

"Direba, tayar da mota. Ni dai yau sai na ga ruwan nan."