Yatsan da Lalle Bai Taɓa Ba

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Baba Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayena mata na zumunta, 'yan'uwana matasa, salama a gare ku. Ku yabi Ubangiji!

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Rahila, autar Baba Ishaya. Ɗan yatsa guda ɗaya ne ya tsayar da ni a gabanku yau. Ga shi nan, ƙaramin na hannun hagu. Na baya ku ɗan miƙa wuya ku gan shi, domin a kansa zan yi magana.

Kun san na daɗe ina neman shiga jami'a. Shekarar farko maki bai kai ba. Ta biyu ya kai, na zaɓi makaranta, na yi ta jira, aka ɗauki wasu aka bar ni. Ƙawayena suna dawowa hutu da labarin lacca, ni ina zaune a tsakar gida ina ɓarar gyaɗa. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci da Allah. Kuna ganina cikin mawaƙa ina buɗe baki ran Lahadi, amma a zuci cewa nake yi ya manta da hanyar gidanmu.

Da lokacin rajistar jarrabawar shiga jami'a ya sake zagayowa, Baba ya kira ni. Ya ce, "Rahila, ki ƙara gwadawa bana. In ba ta yiwu ba sai mu haƙura, ki je ki koyi ɗinki a Zango." Ba da faɗa ya faɗa ba, gajiya ce na gani a fuskarsa. Ɗinki ba abin kunya ba ne, amma ni tun ina firamare aikin jinya nake mafarki. Na san wannan ce ta ƙarshe.

Na je Daura na yi rajista. Suka ɗauki hotona, suka sa na ɗora yatsuna goma ɗaya bayan ɗaya a kan 'yar na'urarsu. Ranar jarrabawa ita ce za ta shaida cewa ni ce, kafin a bar ni in shiga.

Sai bikin Yaya Saratu ya zo daf da jarrabawa. Ana saura 'yan kwanaki, muna daka gero ni da Gwaggo Laraba, ƙanwar Baba. Na sa hannu in tura geron da ya hau bakin turmi, sai taɓaryarta ta sauka a kan wannan yatsan. Jama'a, na yi ihu har maƙwabta suka leƙo! Farcen ya yi baƙi ƙirin, ya ɗaga. Aka naɗe shi da filasta. Na zauna ina kuka ina cewa, Ubangiji, jami'a ka hana ni, yanzu bikin 'yar'uwata ma ba zan ci shi da lafiyayyen hannu ba?

Ranar ƙunshi Inna Hajara ta zo. Maƙwabciyarmu ce, Musulma, babu bikin da ake yi a unguwarmu ba tare da lallenta ba. Na taɓa jin ana cewa lalle yana hana na'ura karanta yatsa, don haka na ɗan ja baya. Gwaggo Laraba ta kama haɓa ta ce, "Ƙanwar amarya guda, hannu fari fat kamar mai takaba? Me dangin ango za su ce? Wace irin na'ura ce za ta ƙi lalle, kakanninmu ma da shi suka tsufa!" Mata suka yi dariya. Ni ma, gaskiya, ina son kwalliyar. Na miƙa hannu.

Inna Hajara ta ƙunsa mini yatsu tara. Da ta zo kan mai ciwon sai ta tsaya ta ce, "A'a, 'yata, wannan ba zan taɓa shi ba, kada ya rure." Na roƙe ta, na ce ko ɗan kaɗan ne a cikin yatsan, ai can babu ciwo. Ta ƙi fur. Lalle ya kama ja wur har ya koma baƙi-baƙi. Duk hotunan bikin in kun duba, za ku ga ina ɓoye hannun hagu a bayan zane saboda kunya.

Ranar jarrabawa na hau mota da sassafe zuwa Daura. Layi dogo, kowa da takardarsa a hannu. Da aka zo kaina, ma'aikacin da ke kan na'urar ya dubi hannuwana ya girgiza kai. Ya ce, "Ke ma lallen kika yi? Ba a gaya muku ba?" Na ɗora babban yatsa, na'ura ta ƙi. Na ɗora manuni, ta ƙi. Ya ba ni auduga da sifirit na goge, muka sake, ta ƙi. Muka bi hannun dama, muka koma na hagu, shiru. Ya ce, "Malama, ki koma gefe, kina tare layi. In ba ta gane ki ba, ba ni da ikon shigar da ke."

Na fita bakin ƙofa. Akwai wasu 'yan mata a can irina, wata tana dirza yatsunta a kan siminti har sun fara jini, wata da lemon tsami. Ni ma na dirza har fata ta yi zafi. Lallen Inna Hajara ko gezau! Ana ta shiga, layi yana ƙarewa, ni kuwa fuskar Baba kawai nake gani. Shekaru uku na karatu, ga shi ƙunshin biki zai cinye su.

Akwai wata darbejiya a gefen ginin. Na durƙusa a gindinta, ban damu da masu kallo ba. Na ce, Yesu, ba ni da bakin magana. Da hannuna na yi wannan, an gaya mini na ƙi ji. Na daɗe ina fushi da kai, yau fushin ya ƙare mini, ƙarfina ma ya ƙare. In ka buɗe, na gode. In ka rufe, ka ba ni zuciyar da zan koma gida da ita.

Ina addu'ar ina matse hannuwana, ban sani ba na danne mai ciwon. Wani irin zafi ya tsarga mini har ƙwaƙwalwa. Na buɗe ido ba shiri, sai ga filasta a gabana. Sai na tuna wannan yatsan ba a gwada shi ba. Na ɓare ta a hankali. Farcen yana nan baƙi, rabinsa ya fita, amma da na juya cikin yatsan, fari tas, zanensa raɗau, babu ko ɗigon lalle.

Na tashi da gudu. Ma'aikacin ya riga ya fara tattara kayansa. Ya ce, "Ai mun gwada duka." Na ce, "Yallaɓai, saura ɗaya, don Allah." Ya dubi farcen ya yamutsa fuska, ya turo mini na'urar. Na ɗora shi.

Sai ga hotona ya fito a kwamfuta, da sunana a ƙasa!

Mutumin ya dubi allon, ya dube ni, ya ce, "Ikon Allah. Shiga da sauri."

Halleluya! 'Yan'uwa, har yanzu in na tuna sai in rasa inda zan sa kaina. Tun kafin a kwaɓa lallen nan Ubangiji ya riga ya san zan yi wautar. Tun ina bakin turmi ya keɓe wa kansa yatsa guda, ya naɗe shi, ya sa a bakin Inna Hajara ta ce ba za ta taɓa shi ba. Ni kuwa ina can ina masa ƙorafi a kan abin da yake shirya mini ceto da shi. Wane ne kamar Allahnmu?

Yarinyar nan mai dirza yatsu a siminti ba ta samu shiga ba. Ban san sunanta ba, kuma ban fi ta da komai ba. Ina roƙonku ku sa ta cikin addu'a.

Sakamako ya fito, maki ya kai. Na yi tantancewar jami'a, kuma a watan jiya aka ba ni gurbin karatun digiri a aikin jinya. Da na gaya wa Baba, sai ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Inna Hajara ta rangaɗa guɗa ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe ƙin da na yi alheri ne." Gwaggo Laraba kuwa, ga ta can tana sunkuyar da kai, yanzu faɗi take yi wai taɓaryarta ce ta kai ni jami'a. Gwaggo, na yafe miki, amma ba zan ƙara daka da ke ba.

Na gode wa Yesu, na gode wa kowa da ya yi mini addu'a. Kai da kake zaune da wani ciwo yau kana tambayar Allah dalili, kada ka yi saurin yanke masa hukunci yadda na yi, ka dogara gare shi. Farcen nan ya sake fitowa a karkace, an ce haka zai zauna. Ba na so ya miƙe. Shi nake ɓoyewa a bayan zane, yau ga shi na ɗaga shi sama a gabanku duka.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin!