Sun Ƙi Sa Ƙaya, Mu Anka Kora Daji

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ne Garba daga Turba, mai kawo awaki kasuwar Isa, kuma raina a ɓace yake.

Da damanar bana kwamitin gyaran gari sunka dasa mangwaro a bakin babbar hanya. Mun yi murna, har gayya munka yi wajen haƙa ramukan. Na ce wa shugaban kwamitin, "Alhaji, a kewaye kowane dashe da ƙaya." Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Malam Garba, wannan ƙauyanci ne, ƙaya za ta ɓata muna hoto."

Ran kasuwa na zagayowa, awaki sunka cinye dashen tas.

Yanzu wai mu ne da laifi. Sun hana mu bi da bisashe ta cikin gari, sai dai mu kewaya ta daji, inda kowa ya san ba lafiya. Masu sauraro, ku ba mu shawara, don gobe ma ta can za ni bi.

Ina gaida abokaina 'yan kara, masu cinikin bisashe, ban da kwamiti. Alhaji, akuya ba ta san hoto ba, amma kai ka san dajin nan.