Lambatun Malam Maharazu

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa. Allah gafarta Malam Liman. Sarkin Noma, dattawan Dala, da 'yan'uwana masu jakuna, sannunku da zuwa. Hammadu, kai da ƙannenka, sannunku da haƙuri. Yaya Lauratu, na san kina bayan soron nan cikin takaba, kina jin muryata.

Sunana Isyaku. Gonata ce ke sama da ta marigayi, can wajen Ƙofar Dawanau ta cikin badala. An ce in yi magana don na fi kowa daɗewa da shi. Yau kwana arba'in da muka kai Malam Maharazu makwancinsa, har yanzu ban yi kuka ba. Ina ci, ina salla, ina ɗaure jakina. Abin dai bai iso ni ba tukuna.

Ya kasance mai kwasar taki, kamar ni. Shekara talatin muna bin gidajen birnin nan da mangala, mu kwashe toka da kashin awaki da sharar turke, mu kai gona da rani. Sana'a ce da ba a yi mata kirari, shi kuwa bai taɓa jin kunyarta ba.

Ya kasance mai takura mana, wannan ma sai an faɗa. A bakin gonakin akwai rijiyar da duk lungunmu ke sha, tunda famfo bai iso mu ba. Ɗabi'armu ce mu masu jakuna, inda muka shayar da jaki nan muke son juye mangala, don kada mu yi tafiya biyu. Shi kuwa sai ya tare hanya, ya ƙirga taku sittin daga bakin rijiya zuwa gangare, ya ce nan za a juye. Mun yi masa dariya, mun sa masa suna Duba-garin Jakuna. Ranar da duba-gari na gaske ya zo daga ofishin hukumar En'e, ya leƙa rijiyar ya tambayi wanda ya koya mana wannan tsari, Tanko mai jaki ya ce, "Ba wanda ya koya mana, ranka ya daɗe. Jarabar Maharazu ce kawai."

Ya kasance duk bazara, kafin ruwan farko, yana haƙa lambatu daga saman gonakin, ya kewaye rijiyar da shi, ya kai shi wani rami da ya dasa wa gamba, don ruwan gona ya kwanta a can ya tace. Shekara goma sha tara yana wannan haƙa shi kaɗai. Mu muna zaune a inuwar tsamiya muna yi masa sannu.

Kun san abin da ake faɗa a kan dalilinsa. Ana cewa takinsa ne ruwan farko ya kwasa ya zuba a rijiyar, shekarar da amai da gudawa suka shiga lungunmu, aka rasa 'yarsa Zinariya tana da shekara huɗu. Ana cewa lambatun nan tubansa ne. Ko a zaman makoki na ji ana raɗe-raɗinsa.

Ba takinsa ba ne. Nawa ne.

Mangala tara na juye a saman rijiyar, na ce gobe zan watsa a gona. Ruwa ya riga ni. Washegarin da aka binne yarinyar, Maharazu ya bi sawun ruwan da ƙafa, daga bakin rijiya yana hawa, har ya iso inda nake tsaye a kan ragowar tarin. Ya dubi takin, ya dube ni. Na jira ya zage ni, ko ya kai ni gaban Mai Unguwa. Sai ya ce, "Isyaku, ara mini garmarka, tawa ta karye."

Iyakar abin da ya taɓa ce mini ke nan a kan takin nan nawa. Da garmata ya haƙa lambatun farko, kuma bai dawo mini da ita ba. Ban tambaya ba.

Yaya Lauratu, ya taɓa gaya mini cewa tun daga shekarar ba ki sake cin hatsin gonarsa da daɗin rai ba. Ya faɗa yana gyara igiyar mangala, bai ɗago kai ba. Ranar ma na ɓoye laifina. Ajali na Allah ne, mun yarda, amma sanadin ta hannuna ya biyo. Mijinki bai yi sakaci da 'yarki ba. Ya rufa mini asiri ne, ni kuma na bar shi ɗauke da kayana har kabari. Ban zo in nemi ki yafe mini yau ba. Na zo ne ki sani.

Hammadu, sunan mahaifinku wankakke ne. Duk wanda ya sake faɗar waccan magana, ka turo shi wurina.

Jama'a, jiya da la'asar hadari ya taso ta gabas. Na je na duba, lambatun ya cike da ƙasa, bana ba wanda ya taɓa shi. Hammadu, garmar tana jingine a bayan rumbunku. Gobe bayan sallar asuba zan zo in karɓa.

Na gode wa Mai Unguwa da ya ba ni dama, na gode muku da kuka saurare ni har ƙarshe.

Allah ya jiƙan Malam Maharazu, ya haskaka kabarinsa, ya rufa masa asiri ranar tsayuwa yadda ya rufa wa wani a nan. Allah ya ba iyalinsa dangana. Allah ya haɗa shi da Zinariya, ya shayar da su ruwan Alkausara.

Malam Liman, a yi mana Fatiha.