Malam Siebe da Ramin Tamfol

Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta iyo, mai girma magajiyar gari, alƙalan gwaji da kuka wuni tsaye a bakin ruwa, ɗalibaina goma sha ɗaya da ko gashinku bai bushe ba, iyalai da kuka cika benci, barkanku da wannan Asabar.

Ina godiya ga masu dafa kofi, da wadda ta kawo kek. Ku yi haƙuri ya ɗan jira. Kun san ni, Renske, shekara ashirin da shida ina yi wa garin nan tsawa a tafkin iyo, ban saba ba da haƙuri ba. Yau zan bayar, kuma kaina a sama zan bayar.

Ga Malam Siebe can, shi ya yarje mini in faɗa. Shekara talatin yana ɗaga gadar garinmu jiragen ruwa su wuce, bai iya iyo ba, ba wanda ya sani. Bara aka aiko masa cewa ya kawo takardar shaidar iya iyo kafin ƙarshen watan nan, ko ya miƙa makullin gada.

Abu uku zan gaya muku. Na farko, matarsa Marije. Tun daga ranar da saƙon ya zo abinci ya daina yi mata daɗi. Kafaɗa a ɗaure, tunani ɗaya yana kai da kawowa: in ya faɗi gwajin fa? Kullum sai ta tare ni a shagon burodi: "Malama, tsakaninki da Allah, zai iya kuwa?" Wannan shi ne zullumi. A hankali yake shigowa, yana da dalilin da za ka nuna da yatsa, ya zauna da mutum wata da watanni. Shi na sani, shi na iya lallashi.

Na biyu, Siebe kansa, wanda ko a jikinsa. Da fito yake shigowa yana tsokanata: "Malama, ke dai da usur a baki aka haife ki." Ya koyi iyo da riga da wando da takalmi, yadda gwaji ya tanada. Saura nutso ta ramin tamfol ɗin da muke ratayawa a ƙarƙashin ruwa, wanda 'yan shekara shida ke ratsawa suna dariya. Yana tsayawa a baki sai ya sandare. Gumi ya karyo masa, ya dafe ƙirji ya ce, "Renske, kira motar asibiti, mutuwa zan yi." Minti goma abin ya ɗauke kamar an rufe famfo. Likita ta duba zuciya, lafiya lau.

Ni kuwa da bakina mai kaifi na ce, "Haba dattijo, kai da ke fito yanzu-yanzu? Kwantar da hankalinka ka faɗa ruwa." Maganin Marije na ba shi, alhali ciwon ba ɗaya ba ne. Mako uku bai dawo ba, har Marije ta zo ta ce ya ajiye makullin gada a kan tebur.

Likitarsa ce ta gaya masa sunan abin, ni kuma na hau keke na je gidansa na koya daga bakinsa: firgici. Farat ɗaya yake faɗowa, wani lokaci ba dalili, don ya taɓa kama shi a layin kanti. Jiki ne ke kaɗa ƙararrawa babu gobara. Ya hau cikin mintoci, ya sauka. Ba a yi wa mai shi tsawa, ba a yi masa musu. A tsaya kusa da shi har ya wuce.

Na uku, abin da kuka gani ɗazu. Siebe ya daɗe a bakin ruwa, har na ji wani a benci yana cewa igiyar takalmi yake ɗaurewa. Ba takalmi ba ne. Ya ce da ni a hankali, "Abin ya zo." Na ce, "Ina nan." Minti bakwai muna tsaye, ina kallon jijiyar wuyansa tana harbawa. Sannan ya ja numfashi ya ce, "Matsa mana, Malama, kin tare mini hanya." Ya nutsa, ya ɓulla ta wancan gefe.

Jama'a, ba warkewa ya yi ba, abin zai iya dawowa. Da shi a ƙirji ya tsaya bai gudu ba, kuma cikin dubban da na koyar ban taɓa alfahari da wani kamar yau ba. Siebe, ka yafe mini. Ranar Litinin da ƙarfe bakwai, kai za ka ɗaga mana gada.

Allah ya sanyaya zuciyar mai zullumi, Allah ya haɗa mai firgici da wanda zai tsaya kusa da shi, Allah ya mai da kowa gida lafiya. Na gode da kuka saurare ni.