Baƙar Wuƙar Ƙarƙashin Tabarma

Ana gab da Babbar Sallah, Malam Mahadi ya tsaya gaban wani maƙeri a kasuwar Tsafe, yana jujjuya wata wuƙa mai kuben jar fata.

"Ni ƙyalli kawai na gani. Wagga za ta yi aiki kuwa?"

"Haba Malam! Da sifirin mota na ƙera ta, da hannuna. Ko sa ne sai ta feɗe shi ba ka wasa ta ba."

"Haka wani ya ce mini bara. Na kayar da rago gaban surukaina, wuƙa ta ƙi ci. Ina durƙushe kan dabba aka je aron ta maƙwabta."

"Ta kanti aka sayar maka."

"Ta maƙeri ce, har kuben irin wannan. Kawo ƙashi in sara in gani."

"A'a, in ta yi giɓi wa zai saya?"

Maƙerin ya jawo rake, ya zaro wata baƙar wuƙa daga ƙarƙashin tabarma, ƙotarta ɗaure da roba, ya datse shi sara ɗaya.

"Waccan fa?"

"Ba ta sayarwa ba ce. Tun ina yaro da ita ake layya gidanmu."

"Wa ya ƙera ta?"

"Marigayi babana."

"Bana ma da ita za ka yanka, ba da taka ba?"

Maƙerin ya duƙufa feren rakensa, bai ɗago ba. Mahadi ya mayar da wuƙar kubenta, ya ajiye.

"Allah ya jiƙan baba," ya ce, ya wuce.